Turancin da Na Koya a Bakin Injin Niƙa

Shekarar da muka baro ƙauyenmu, can tsakanin Yankara da Sabuwa, muka dawo cikin garin Faskari, ban fito da komai nawa ba sai wani ƙamus da bangonsa ya cire, da littafin Turanci na aji uku. Mutanen daji sun kore shanu, sun hana noma, daga baya suka fara shigowa gari da rana tsaka. Aka rufe makarantarmu. Baba ya ɗora mu a bayan motar masara, da tabarmi da tukwane. Wani ɗan'uwan Inna ya ba mu ɗaki da rumfa a gidansa, inda wasu iyalan suka riga mu sauka. Duk inda ka juya a gidan nan akwai mutum, ko yana kuka, ko yana tsintar shinkafa, ko yana zaune kawai yana kallon ƙasa.

Ni ne aka sani da Turanci a ajinmu, amma a takarda. Idan aka ba da rubutu ni ke zuwa na ɗaya. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne ban taɓa furta Turancin a fili ba. Yadda ake koya mana, malam ya faɗi kalma, aji duka ya amsa da murya ɗaya har kwanon rufi ya ɗauka. Ni kuwa sai in motsa baki kawai. Tun ina firamare nake yin haka, don ba na son a ji muryata, kuma a cikin taron nan babu mai gane wanda ya yi shiru. Kalmomin suna cikin kaina, ina karanta su yadda idona ya ga dama. Dogaye ba su dame ni ba, malamai kan tsaya su rarraba su. Gajerun nan na kullum, waɗanda kowa ya ɗauka an sani, su ne ba wanda ya taɓa tsayawa a kansu.

Muna cikin zaman nan malaminmu na Turanci ya neme mu. Shi ma ya gudu, ya kai iyalinsa Ƙanƙara. Ya gaya wa Baba cewa wata makarantar kwana a birnin Katsina za ta ɗauki 'yan yara kaɗan daga cikin waɗanda aka rufe wa makaranta, kyauta, har abinci da littattafai. Na zauna jarrabawar rubutu, na ci. Abin da ya rage, mutanen makarantar za su zo Faskari, kowane yaro ya tsaya gabansu ya karanta rabin shafi da ƙarfi.

Baba bai hana ba. Bayan Malam ya tafi ya kira ni rumfa, ya ce idan sun ɗauke ni, ya sa mani albarka in tafi. Idan ba su ɗauka ba, to karatu ya tsaya nan, domin babu gona, babu shanu, ba zai yiwu namiji kamata ya zauna da littafi ƙannensa na jiran abin da za a kawo ba. Bai faɗa da faɗa ba. Yana magana yana murza tafin hannunsa da ya fara laushi saboda rashin fartanya. Na ce to.

Kafin Malam ya koma Ƙanƙara ya zaunar da ni ƙarƙashin wata bishiyar bedi a ƙofar gida, ya ce in karanta masa. Na karanta layi biyu, ya ce in ƙara murya. Na ƙara. Ya dafe goshi.

"Kai da nake taƙama da kai," ya ce. "Ashe ban taɓa jin ka ba."

Ya ce ba laifina ba ne ni kaɗai, shi ma yadda na faɗa haka yake faɗa idan ya saki jiki, haka malamansa suka faɗa masa. Amma ya san abin da baƙin za su kasa kunne su ji. Ya fara lissafa mani. "Pan" da "fan" duk abu ɗaya nake mayar da su, haka "pull" da "full". "Cup" na ce kof. "Van" na ce ban. "Said" na karanta shi sayid, kamar sunan mutum. "Put" na ja shi ya bi "but". "Milk" na cusa masa wasali ya zama milik. Ya ciro auduga daga wani yagaggen matashi da aka shanya a kan katanga, ya ɗora a tafin hannuna. Ya ce harafin farkon "pan", a rufe leɓɓa gam sannan a sake su, audugar ta yi tsalle. Na "fan" kuwa, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Mu namu da leɓɓa biyu muke yi, kamar mai hura koko, mu da ma "tahi" muke cewa a gida, ba "tafi" ba. Na gwada, audugar ta motsa kaɗan. Na ji daɗi.

Sai ya zo kan babbar matsalar. "The", "this", "that", "three". Na ce za, zis, zat, tiri. Ya ce waɗannan babu layin da za ka karanta ba ka ci karo da ɗaya ba, kuma ba su faɗuwa sai ka fito da kan harshe tsakanin haƙora. Ya waiwaya ya ga ba mai zuwa, ya ɗan kau da fuska, ya nuna mani. Harshensa ya leƙo ya koma. Shi kansa dariya ya yi don kunya. Da la'asar ya hau mota, ban sake ganinsa ba sai bayan komai ya wuce.

Na shiga gida na zauna bakin ƙofar ɗakinmu na fara gwadawa a hankali. Ban yi nisa ba ƙanwata ta fashe da kuka, ta ruga wurin Inna, wai ina yi mata gwalo. Inna ta leƙo ta ce da girmana. Na koma bayan rumbu, yaran gidan suka bi ni suka jeru, duk wanda na kalla sai ya zaro mani harshe. Washegari tsohuwar gidan, wadda kowa ke kira Hajiya Babba, ta ga ina hura auduga ina magana ni kaɗai. Ta kira Inna gefe ta ce a kula da yaron nan, ƙarar bindigar da ya ji ta taɓa shi, ta ga irin haka a jikanta. Da yamma Inna ta miƙo mani rubutu a kofi. Na shanye, don bayanin ya fi shan wuya.

Na rasa wurin da zan buɗe baki. Da a ƙauye ne, da na shiga cikin dawa na yi ta yi har in gaji. A nan kuwa an hana mu wuce gidajen ƙarshe na gari, ko itace ba a zuwa sai cikin ayari. Masallaci ba wurin wannan ba ne. Ban-ɗaki ba a magana a ciki, ga layi kuma a ƙofa. Kwanaki suna tafiya, ni kuma ina zaune da ƙamus a cinya, na san inda harshe zai tafi a kowace kalma, na ma ja layi a ƙarƙashinsu duka da fensir, amma ban faɗi ko ɗaya ba. Abinci ya daina shiga.

Yayata ce ta gane. Ita ta yi islamiyya sosai kafin mu taso. Ta same ni na haɗa kai da gwiwa, ta ce in nuna mata abin da ke sa ni gwalo. Na nuna mata da sauri. Ta ce ai wannan harafin ne da malamarsu ke dukansu a kai wurin karatun Alƙur'ani, har guda biyu, mai kauri da marar kauri. Ta ce su ma sai a gaban malamar suke fito da harshen, kuma kai a sunkuye cikin hijabi, da sun fito sai su koma yadda kowa ke yi.

"To ni ina zan sami hijabin?" na ce.

Ta yi dariya, ta tura mani robar masarar da aka surfa. "Ɗauki niƙan nan, malam Bature. Can wurin inji ko ihu ka yi ba mai jin ka."

Injin yana bayan makarantar firamare, cikin wata rumfar kwano. Tsohon inji ne mai shan gas, da doguwar bel da ke kaɗawa, da durom na ruwa a bayansa don sanyaya shi. In ya tashi har ƙasa rawa take yi. Yara na layi da robobi, gari ya yi wa kowa fari a gira. Mai shi wani dattijo ne da kowa ke kira Mai Inji, kunnensa ya yi nauyi tun da daɗewa, da hannu yake yawancin magana. Na ajiye robata a layi, na zagaya bayan durom, na fuskanci bango, na ce "the". Ban ji komai ba. Na ƙara da ƙarfi. Ko yaron da ke kusa da ni bai waiwayo ba. Ranar na faɗi kalmomin nan har maƙogwarona ya bushe, na koma gida kamar an sauke mani kaya.

Daga nan na zama ɗan kai niƙan gidan duka. Matan suka yi ta sa mani albarka, Hajiya Babba ta ce rubutun ya yi aiki. Auduga ba ta zama a hannu a wurin saboda girgiza, sai na riƙa kara tafin hannu a baki ina jin bugun iskar. Na tsinci fasasshen madubin babur na soke shi a jikin kwano, ina kallon harshena yana fitowa yana komawa. Na tsara su kashi-kashi: na leɓe da safe, na haƙori in rana ta ɗaga, na harshe kowane lokaci. Don kada a ce me nake yi a wurin bayan an gama mani niƙa, sai na riƙa kama aiki. In ɗaga buhu, in juye hatsi a bakin inji, in ɗebo ruwan durom, in riƙe bel idan ana ɗaure ta. Mai Inji ya riƙa ɗaga mani babban yatsa. Wani lokaci ya ba ni ƙosai.

Abu ɗaya ne ban yi tunaninsa ba: ban taɓa jin abin da nake faɗa ba. A muƙamuƙi nake jin sa, da ƙirji, da tafin hannu. Sau ɗaya kawai ya fito fili. Bel ta tsinke, injin ya mutu nan take, ni kuma na riga na cika baki. "Three!" Muryata ta tsaya ita kaɗai a cikin rumfar. Yaran layi suka juyo, suka kwashe da dariya har wata ta zubar da garinta. Har na bar unguwar suna kirana Tiri. Tun daga ranar na koyi sa ido a kan bel da kunne a kan numfashin injin. Da ya fara sassautawa sai bakina ya rufe da kansa, da ya ɗauka sai ya buɗe. Na ƙware a wannan har ba na tunaninsa.

Ranar da baƙin suka zo, a wani aji na makarantar firamaren nan aka yi. Inna ta wanke mani rigar makaranta ta tsohuwa, Yaya ta goge ta da ƙasan kwano mai garwashi. Muna zaune a baranda ana kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Ina ta motsa harshe a cikin rufaffen baki. Da aka kira ni na shiga, na ga mutum uku a bayan tebur. Wata Hajiya mai tabarau daga makarantar, da wani matashin malami mai riƙe da biro. Na ukun shi ne mai unguwar ƙauyenmu. An zaunar da shi ne don ya shaida cewa mu 'ya'yan waɗanda suka taso ne da gaske. Abokin Baba ne tun suna samari, shi ya yi mani huɗuba da aka haife ni. Ban taɓa tsayawa a tsaye a gabansa ba. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa ya tambayi Baba. Hajiyar ta ce da Turanci in tashi in matso.

Aka miƙo mani takardar. Labarin wani manomi ne da awakinsa uku, babu kalma ɗaya a ciki da ban sani ba. Na farko a shafin ita ce "The". Na duba ƙasa, ga ta nan a kowane layi, wani layin sau biyu.

Ajin shiru. Ina jin ƙarar carbin mai unguwa, ƙwaya na bugun ƙwaya. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Bakin yana jiran inji.

Na yi dabarar su Yaya, na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji, yadda ba mai ganin harshena. Na fara. Na san na faɗe ta daidai, na ji a haƙorana, amma muryar cikin rigata ta tafi.

"Ɗago kanka, ɗana," in ji Hajiyar, da Hausa wannan karon. "Ba ma jin ka. Mu ga bakinka."

Na ɗago. Idona ya faɗa cikin na mai unguwa. Murmushi yake yi mani, yana gyaɗa kai, irin na ci gaba, muna tare da kai. Harshena ya zo bakin haƙora ya tsaya. Na ga kaina tsaye ƙerere a kan dattijon da ya yi mani huɗuba, ina zaro masa harshe a gaban baƙi. Harshen ya koma.

"Za," na ce.

Daga nan komai ya bi. Na ji kaina ina cewa tiri, ina cewa zat, na mayar da "pen" fen, na ce sayid. Kowace na san ta karkace tun kafin ta gama fita, kuma ban iya tare ta ba. Tun ranar da na karanta wa Malam ban ƙara jin muryata tana karanta Turanci ba sai yanzu, ƙarama, tana rawa, ta wani yaro da ban sani ba. Matashin malamin ya rubuta wani abu. Zufa ta jiƙa takardar a inda na riƙe.

Saura layi kaɗan in gama, sai na ji shi ta taga. Tari biyu, sannan ya ɗauka. Mai Inji ya tayar da inji. Ban yi shawara da kowa a cikina ba, bakin ya buɗe da kansa yadda ya saba. Kalmomin suka fito daidai, leɓe a rufe inda ake rufewa, haƙori a kan leɓe, harshe a waje. Sai dai sun fito da irin muryar da na koye su da ita, ta bayan durom. Ihu nake yi. Malamin ya zabura har bironsa ya faɗi. Carbin mai unguwa ya tsaya. Na ga yaran baranda sun taru a taga. Na kai ƙarshen shafin ina haki.

Hajiyar ta cire tabarau ta dube ni, ta daɗe. Ta tambaye ni a hankali ko ina barci sosai tun da muka taso. Na ce eh. Ta ce in je, Allah ya yi albarka.

Da yamma mai unguwa ya biyo ta gidanmu. Ina daga cikin ɗaki ina jin su a rumfa. Ya ce wa Baba yaron ya fara da ladabi, kai a ƙasa, gwanin sha'awa, amma can ƙarshe wani abu ya taso masa, ya riƙa daka wa baƙi tsawa, harshe waje. Ya ce kada a yi mani faɗa, ba yin kaina ba ne, yara da yawa sun ga abin da bai kamata su gani ba. Baba ya ce Allah ya sawwaƙe. Na cusa fuska cikin matashi. Yaya ta shigo ta zauna kusa da ni.

Malam ne ya kawo sakamakon da bakinsa, ranar da ya zo daga Ƙanƙara. Sun ɗauki wasu, ba ni ciki. Ya ce Hajiyar ta gaya masa takardata ta fi ta kowa, kuma karkatar harshe ba ta dame su sosai ba, duk yaran haka suka karanta, abu ne da ake gyarawa a aji. Abin da ya tsayar da su, suna tsoron ɗaukar yaron da bai gama dawowa hayyacinsa ba su kai shi nesa da uwarsa. A bar shi ya huce, in an sake buɗewa wata shekara. Malam ya tambaye ni me ya faru. Na so in gaya masa zancen injin, na ga tsawonsa, na ce ban sani ba. Ba a sake buɗewa ba. Sai bayan shekaru na koma aji, a makarantar yamma, tare da waɗanda na girma.

Baba ya bari Malam ya tafi, sannan ya kira ni rumfa. Ya ce in yi haƙuri, haka Allah ya so. Ya ce amma an dace ta wani wajen, domin Mai Inji ya zo wurinsa da kansa tun kwanakin baya.

"Ya ce tun da yake bai ga yaro mai son inji kamarka ba. Ko ba a aike ka ba kana can. Shina son ya koya maka aikin." Ya ɗan yi murmushi, na farko da na gani a fuskarsa tun da muka taso. "Ni ban ma san kana da wannan sha'awar ba."

Na ce to.

Da safe na tafi ba roba a hannu. Mai Inji ya ba ni wani tsohon ƙyalle in ɗaure hanci, ya nuna mani inda ake duba mai da inda ake zuba gas. Madubin babur ɗin yana nan soke a jikin kwano, gari ya rufe shi. Ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙarfen da ake juyawa, ya yi mani alama in murza da ƙarfi, kada in saki sai ya ɗauka. Na murza har kafaɗata ta yi zafi. Injin ya yi tari, ya sake, ya ɗauka, ƙasa ta fara rawa. A ƙarƙashin ƙyallen na ji harshena ya leƙo tsakanin haƙora. Yaran layi suka fara miƙo robobinsu, na karɓi ta farko na juye.